Toshewa da Buɗewa: Tarihin Ruwan Fadama a Kogin Wudil

Kafin shekarar 1974, kogin da ya ratsa Wudil kama biyu yake yi a shekara. Daga watan Yuni zuwa Oktoba yakan cika ya batse, ruwansa jawur, ɗauke da duk abin da Kogin Kano da Kogin Challawa suka kwaso daga kudu da yamma, domin su biyun suna haɗewa ne kafin su iso garin, daga nan su zama kogi ɗaya mai gangarawa Haɗeja. Da kaka ta wuce sai ya janye ya bar yashi fari fat, a ƙetare da ƙafa, mai son ruwa ya yi tono. Tun da aka datse Kogin Kano a Tiga a 1974, aka kuma datse Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, kogin Wudil bai ƙara ƙafewa irin ta da ba. Yawancin masu ba da labarin wannan sauyi a kan shigowar ruwa suke tsayawa: yawan da aka tara, tsawon hanyoyin da aka gina, hekta nawa aka shayar. Ni kuwa ina ganin tarihin noman fadama a wannan yanki ya fi fitowa fili idan aka biyo shi ta inda ruwa ke fita daga gona. Manomin da ya gaji fadama ya san lokacin da zai toshe ya riƙe ruwa, ya san lokacin da zai buɗe ya sallame shi, kogin kuma yana taya shi da janyewar da yake yi kowace shekara. Madatsun ruwa sun kawo arziki mai yawa, amma sun ɗauke wannan taimako na kogi, aka kuma shafe shekaru ba a ɗora wa kowa aikin da kogin ya bari ba.

Wurin da Wudil ta zauna shi kansa yana da magana a cikin wannan lamari. Daga garin zuwa sama, wajen Tiga da Ƙaraye, ƙarƙashin ƙasar tsohon dutse ne mai tauri, ruwan sama ba ya nutsewa da nisa, sai ya gangaro kogi. Daga wajen Wudil zuwa ƙasa kuwa kogin ya shiga shimfiɗar yashi da laka ta kwarin Tafkin Cadi, inda ƙasa ke shan ruwan kogi a hankali, yana raguwa yana tafiya. Shi ya sa masu auna ruwa suka daɗe da ɗaukar Wudil a matsayin ma'auni: abin da ya wuce ƙarƙashin gadarta shi ne rabon Ringim da Haɗeja da Nguru daga wannan kogi. Ruwan saman yankin bai cika wuce milimita 800 zuwa 900 a shekara ba, kusan dukansa cikin wata huɗu, mafi yawa a Agusta. Abin da rana da iska ke ɗauka a shekara ya fi abin da sama ke saukarwa. Saboda haka gona ɗaya a bakin wannan kogi takan yi fama da ciwo biyu a shekara guda: a Agusta ruwa ya yi mata yawa har saiwa ta ruɓe, a Maris ta bushe ta tsage. Duk hikimar noman fadama a tsakanin waɗannan biyun take.

Noman rani a ƙasar Kano ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba, kuma shaidar hakan tana cikin harajin masarauta. A ƙarni na 19, ban da kuɗin ƙasa da kuɗin karofi na marina, akwai kuɗin shuka a kan wasu amfanin gona na musamman, akwai kuma kuɗin rafi a kan lambunan ban ruwa. Sarauta ba ta sa haraji a kan abin da ba ya kawo kuɗi. Albasa da alkama da taba da rake da ake kaiwa kasuwar Kurmi daga irin waɗannan lambuna suke fitowa. Ƙasar Wudil, wadda ta daɗe a hannun gidan Makaman Kano na Joɓawa, tana da abin da yawancin gundumomi ba su da shi, wato doguwar gaɓar babban kogi da ƙoramun da ke zuba a cikinsa. Kayan aikin ba su da yawa: jigo a bakin rijiya ko bakin tono, da guga, da fartanya, da ƙwarya. Jigo ba ya iya shayar da babban fili, ƙarfin mutum ɗaya iyakarsa ɗan lambu. Wannan ƙarancin shi ya koya wa mai lambu tattali. Ruwan da ka ɗaga da kafaɗarka ba ka barinsa ya zurare a banza.

A dubi yadda aka tsara lambu, wanda har yau ana ganinsa a gaɓar kogin. An yanka filin fangali-fangali, kowanne da ɗan bangon ƙasa kewaye da shi, ƙaramar hanyar ruwa ta bi ta tsakiya. Mai ban ruwa yana tafe babu takalmi, da fartanya a hannu. Ya sari bakin fangali na farko, ya ɗauki taɓon da ya sara ya tare hanyar da shi, ruwa ya karkata ya shiga. Da ya ga ya kai inda yake so a jikin albasa, sai ya mayar da taɓon nan gurbinsa, ya danna da diddige, ruwa ya wuce fangali na gaba. Dunƙulen taɓo ɗaya ne ƙofar shiga, shi ne kuma makullin fita. Da damina kuwa aikin ya juya. A gonar da ke kwari akan ɗaga kunya ta yi tsawo don dankali ko rogo ko dawa su tsere wa jiƙa, a ja kwarin kunyar ya bi gangare, a fasa bakin gona idan ruwan Agusta ya kwanta. Idan Satumba ta raba, sama ta fara ɗaukewa, sai a mayar da bakin a toshe, don ɗan ruwan ƙarshe ya tsaya ya nuna hatsi. Mai shinkafa a ƙasar dabaro yakan yi akasin haka tun farko, ya ɗaure ruwa da bango, sai dab da yanka ya sake shi.

Amma babban aikin fitar da ruwa kogin ne yake yi, kuma kyauta. Ambaliyar damina takan hau fadama ta zuba sabuwar laka, ta wanke abin da ya taru a ƙasa, ta cika tafkuna da kifi. Sannan idan kogin ya faɗa, ruwan da ke cikin ƙasar fadama sai ya bi shi, yana sauka kaɗan-kaɗan daga Oktoba har bazara. Manomi yakan bi wannan saukar da shukarsa: inda ya fara tsanewa a sa dankali da wake, inda laima ta fi daɗewa a bar wa rake, bakin tono a yi lambu. Bayan an kwashe amfani shanun Fulani su shigo su ci kara su bar taki. Masunta su kama kifin da ya maƙale a tafkin da ke ƙafewa. Kowa da lokacinsa, kuma tashin ruwa da faɗuwarsa ne ke raba musu lokacin. Bushewar rani, wadda ido ke gani kamar asara, ita ce ke ba ƙasa iska, ita ce ke kashe ciyawar ruwa da ƙwarin da ke zaune a cikinta kafin wata damina.

Farin 1972 zuwa 1974 ya nuna iyakar wannan tsari, kuma ba daidai ba ne a raina abin da mutanen lokacin suka gani. Dabbobi sun mutu, rumbuna sun ƙare, birnin Kano yana girma yana neman ruwan sha. Gwamnatin Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ta riga ta kama hanyar gina madatsun ruwa tun kafin farin ya tsananta. An gama Bagauda a 1970, aka gina Tiga tsakanin 1971 da 1974 da ikon riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A ƙarƙashinta aka shata shirin noman rani na Kogin Kano, tare da masu ba da shawara na kamfanin NEDECO daga ƙasar Holan, aka fara gwaji a Kadawa. Kashi na farko hekta 22,000 ne a takarda, a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam, ko da yake abin da aka gyara a shekarun farko bai kai haka ba. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Hana shigo da alkama daga waje a 1987 ya ƙara wa noman rani kasuwa na ɗan lokaci, shinkafa da tumatir kuma suka zauna daram.

Injiniyoyin da suka zana shirin ba su manta da magudanai ba. Kowane yanki yana da hanyar kawo ruwa a sama da magudanar kwashe rara a ƙasa, ƙananan magudanai suna zuba a manya, manyan suna komawa ƙorama. Matsalar ta taso ne daga bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu a idon mai amfani da su. Idan hanyar kawo ruwa ta toshe, kafin la'asar manoma sun taru sun kai ƙara, domin shuka tana yaushi kowa na gani. Idan magudana ta toshe, babu abin da ke faruwa a ranar, ko a watan. Laka ta taru, kacalla ta tsiro, wani ya ga ƙasa mai laima ya dasa shinkafa a cikin magudanar kanta, wani ya tare ta da buhunan ƙasa don ya ja ruwa da inji zuwa gonarsa da ke wajen shiri. A ƙarƙashi kuwa ruwan ƙasa yana hawa a hankali. Masu bincike na cibiyar nazarin aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda ke da tasha a Kadawa, sun fara ba da rahoton wannan hawan tun shirin bai daɗe ba. Inda ruwan ƙasa ya matso kusa da sama, zafin rana yakan ja shi ya tsotse, ya bar gishirin da ke cikinsa. Manomi yakan gane da farin ɓawo kamar an barbaɗa toka a kan kunya, ƙasa ta yi santsi idan ta jiƙa, ta yi tauri idan ta bushe, ya ce gonar ta yi kanwa. Alkama da tumatir ba sa jure wannan. Sai a koma shinkafa, wadda ke son ruwa kwance, ita kuma ta ƙara ɗaga ruwan ƙasa a gonar maƙwabci, shi ma ya koma shinkafa ko yana so ko ba ya so.

Rabon Wudil a wannan tarihi daban ne. An tsara kashi na biyu na shirin Kogin Kano, mai hekta 40,000, a ɓangaren Wudil, amma bai tashi daga takarda ba. Abin da garin ya samu shi ne kogi mai gudu rani da damina, daga ruwan da ake saki don gidajen ruwan Kano da shirin noman rani na kwarin Haɗeja, da kuma rarar da ke dawowa daga gonakin Kura da Kadawa. Daga shekarun 1980 hukumar raya aikin gona ta Kano, KNARDA, ta yaɗa ƙananan injinan ban ruwa masu shan fetur da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi, shirin Fadama na ƙasa da Bankin Duniya ya tallafa daga 1993 ya ƙara faɗaɗa su. Jigo ya kwanta cikin shekaru kaɗan. Mutum ɗaya da inji da tiyo yana shayar da abin da a da sai gayya. Wannan ci gaba ne na gaskiya, duk wanda ya ga lodin kayan miya a kan titin Kano zuwa Maiduguri ya san haka. Sai dai inji ya sauya ɗabi'ar ban ruwa. A lokacin da fetur ke da araha, cika fangali ya malala ya fi tsayawa a auna sauƙi, rarar kuma ta tafi da takin zamanin da aka sayo da tsada. Kogin da ba ya faɗuwa ƙasa sosai ba ya jan ruwan fadama kamar da, kwarurrukan da ke tsanewa a Nuwamba wasunsu sai su kai tsakiyar rani da ruwa kwance. Ambaliyar shekara-shekara mai kawo laka ta ragu, amma wata irin ambaliya ta maye gurbinta, wadda ke zuwa idan madatsun sun cika suna zubarwa a ƙarshen damina mai ƙarfi, kamar yadda aka gani a 2001 lokacin da garuruwan bakin kogi a Kano da Jigawa suka sha ruwa. Ta farko manomi ya san watanta ya shirya mata. Ta biyu kuwa sai dai ya ji ta a dare.

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya bi kogin zuwa dausayin Haɗeja da Nguru. Kacalla ba ta jure doguwar bushewa, abin da take so shi ne ruwa mara zurfi wanda ba ya ƙafewa. Da aka ba ta shi shekara bayan shekara, sai ta cinye hanyoyin ruwa, ta tare laka, ta karkatar da kogi. Wasu gonakin suka nutse dindindin, wasu da ke jiran ambaliya suka daina ganinta, tsuntsayen jan-baki suka sami maɓoya suna faɗa wa shinkafa da gero. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna abin da dausayin ke bayarwa na noma da kifi da itace, suka kwatanta da abin da shirin Kogin Kano ke bayarwa, suka sami cewa a kan kowane ma'aunin ruwa ribar dausayin ta fi yawa nesa. Ana iya jayayya da lissafinsu, an kuma yi. Abin da ba a iya musu shi ne cewa a wurare da yawa na wannan kwari ruwan da ya ƙi tafiya ya yi ɓarnar da ta yi kafaɗa da ta fari.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba, kuma abin da wasu suka koya yana da amfani a nan. A Amurka, tun 1838 wani manomi ɗan asalin Sukotlan mai suna John Johnston ya fara binne bututun yumɓu a gonarsa a jihar Niyok don tsane ta, dabarar ta bazu har ta mayar da manyan fadamun tsakiyar ƙasar gonakin masara. Fiye da ƙarni guda burin shi ne a kori ruwa da sauri. Daga baya aka lura cewa bututun ba ya bambanta ruwan da ya yi yawa da wanda shuka za ta nema bayan mako uku, kuma yana kwashe sinadarin taki zuwa koguna. A shekarun 1970 da 1980 masu bincike a jihar Karolina ta Arewa, cikinsu har da Wayne Skaggs, suka daidaita wata dabara mai sauƙi. A bakin magudana ake gina ɗan akwati mai tsagi a gefe biyu, a riƙa zura alluna ɗaya bisa ɗaya. Ruwa ba ya fita sai ya kai tsayin allon ƙarshe. Lokacin huɗa da lokacin girbi a zare allunan ƙasa ta tsane, idan shuka ta kafu a mayar da su laima ta tsaya a ƙarƙashin saiwa. Gwaje-gwajensu sun nuna ruwan da ke ficewa daga gona yana raguwa da kimanin kashi 30 cikin ɗari, takin da ke binsa ma ya ragu. A Masar kuwa, bayan kammala babbar madatsar Aswan a 1970, Nilu ya daina ambaliya da janyewa, ruwan ƙasa ya hau, gishiri ya taso, gwamnati ta kafa hukuma ta musamman a 1973 ta shiga binne bututu a miliyoyin kadada. Sai manoman shinkafa suka riƙa cusa tsumma da ciyawa a bututun don ruwansu ya tsaya, gonakin auduga da masara na kusa suka jiƙe. Dole injiniyoyi suka sake zane, suka raba layukan, suka sa ƙofofin da ake rufewa da buɗewa. Wanda ya taɓa ganin mai lambu yana danna taɓo da diddige ba zai ga baƙon abu a cikin allunan nan ba.

Ƙorafi na farko da za a yi wa wannan magana shi ne cewa ƙasarmu ƙasar ƙishi ce, zancen magudana zancen waɗanda ruwa ya ishe su ne. Amsar tana cikin dabarar kanta. Magudana mai ƙofa rabin aikinta riƙewa ne. Gonar da aka toshe bakinta a tsakiyar Satumba tana shiga rani da laimar da za ta rage yawan tayar da inji, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowane mai lambu ya san kuɗin tashi ɗaya. Buhun yuriyar da bai bi ruwa ya koma kogi ba shi ma riba ne. Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: cewa irin wannan magana kewar zamanin jigo ce, alhali madatsun ne suka shayar da miliyoyin mutanen Kano, suka mayar da Kura cibiyar shinkafa. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi a fasa Tiga. Fashewar Bagauda a watan Agustan 1988 ta isa nuna abin da hakan ke nufi. Lambun jigo ƙarami ne, wahalarsa ta karya bayan mutane da yawa, shekarar da kogi bai hau ba kuma yunwa ce. Abin da ake nema daga tsohon tsari ɗaya ne tak, wato lokacin tsanewa. Tun shekarun 1990 masana dausayin Haɗeja suke ba da shawarar a riƙa sakin ruwa da yawa da damina don kwaikwayon ambaliya, a kuma rage shi na wani lokaci da rani don hanyoyi su bushe. Wannan aikin ƙofar madatsa ne, ba ya buƙatar rushe komai.

Akwai kuma masu cewa dabarar Amurka ta manyan gonaki ce shimfiɗaɗɗu, ba za ta zauna a kan gonakinmu da gado ya yayyanka ba, balle a ƙasa mai yashi. A nan dole a ba su rabin gaskiya. Allo a bakin magudana yana aiki ne inda gangaren ƙasa bai kai mita 1 cikin mita 100 ba, kuma inda akwai laka a ƙarƙashi da za ta hana ruwa zurarewa. A jigawar da ke gabas da Wudil, ko an toshe baki ruwan ta ƙasa zai bi, ko da yake ba asara ba ce gaba ɗaya, tunda shi ne ke cika rijiyoyin burtsatse. Wurin dabarar shi ne kwarin dabaro da ke bayan gaɓa, da filayen da aka daidaita a Kura da Kadawa. Bututun binnewa ma ba dole ba ne, buɗaɗɗiyar magudana da ɗan ginin siminti da katako sun wadatar, kuma magina da kafintocin Wudil za su iya yinsu. Haɗarin da ya fi cancantar tsoro shi ne na kanwa. A ƙasa mai zafi irin tamu, wanda ya riƙe ruwan ƙasa kusa da sama tsawon rani yana kiran gishiri da hannunsa. Don haka a nan ƙa'idar ta bambanta da ta Karolina: dole a bar magudana a buɗe a tsakiyar damina don ruwan sama mai daɗi ya wanke ƙasa ya fita da gishirin, kuma inda kanwa ta riga ta fito, buɗewa ta fi toshewa muhimmanci. Haka zancen sauro da tsargiya yake. Ƙananan katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya a ruwan da ke kwance cikin ciyawa shekara cur suke zama, wato a magudanar da ta toshe da kanta babu mai kula. Wadda ake zare wa allo a busar da ita lokaci-lokaci ta fi wahalar zama a gare su.

Abin da ya fi siminti da katako wuya shi ne a san wanda ke riƙe da allon. Magudana ba ta mutum ɗaya ba ce, takan ratsa gonaki da yawa kafin ta kai ƙorama. Mai shinkafa a ƙasa yana son ruwa ya tsaya, mai tumatir a sama yana son ya wuce, makiyayi yana son mashaya, masunci yana son a bar masa bakin tafki. A da faɗuwar kogi ce ke yanke wannan hukunci, abin da ya rage na saɓani mai unguwa da dagaci da sarkin noma su sasanta. A Holan, inda aka daɗe a wannan sana'a, majalisun ruwa na manoma sun kafu tun ƙarni na 13, kuma babban aikinsu shi ne yanke matakin da ruwa zai tsaya a kowane yanki da tara kuɗin yashe magudanai. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya gyara hanyoyi da magudanai a shirin Kogin Kano da na kwarin Haɗeja, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa don su karɓi kula da ƙananan hanyoyi. Gwajin waɗannan ƙungiyoyi ba zai zo a rabon ruwa ba, wannan kowa yana son a yi. Zai zo ne ranar da za a ce wa mutum ya cire shinkafarsa daga cikin magudana, ko a tara kuɗin yashe ramin da ba ya kawo wa kowa ruwa.

A fadamar Wudil, wadda ba ta cikin wani babban shiri, ko wannan tsarin ma sai an ƙirƙira, kwari-kwari, tsakanin mutanen da gonakinsu ke zuba a baki ɗaya, su yarda da abin da za a shuka a sama da abin da za a shuka a ƙasa, da makon toshewa da makon buɗewa. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke garin tun 2001 tana da sashen aikin gona, kuma auna hawa da saukar ruwan ƙasa ba ya buƙatar fiye da guntun bututun roba mai huji da aka kafa a gona da sandar awo. Amma duk wannan lissafi yana rataye ne a kan abin da ke faruwa a madatsun da ke saman kogi. Kwarin da bakinsa ke zuba a kogi ba ya tsanewa idan kogin ya fi shi tsayi, ko an zare alluna duka. Muddin manoman gaɓa ba su san tun kafin shuka watannin da Tiga da Challawa za su saki ruwa da yawan da za su saki ba, jadawalin da suka tsara a kwarinsu zai riƙa rushewa a duk ranar da aka juya ƙofa a can.